Yadda Aka Mai da Fuskar Gwaggona Sitika

Gwaggo, yayar mahaifina, ita ta riƙe ni tun ban yi wayo ba, a gidanmu na gado da ke Kwarbai cikin birnin Zariya. Allah bai bar mata 'ya'yan da ta haifa ba, sai ta juye min duk abin da take da shi, har da wata ɗabi'a tata da mutanen gida suke kira surutu. Ni na san ba surutu ba ne. Tambaya ce. Ban taɓa ganin mai son sanin dalilin abu kamarta ba. Ba ta yi boko ba, allo ta yi har ta sauke, amma in tana yanka albasa sai ta tsaya da wuƙa a hannu, hawaye na zuba, ta ce, "Wai me ke cikin abin nan da ba ya shiri da ido, alhali baki bai dame shi ba?" In jirgin sama ya gifta ta saman tsakar gida sai ta ajiye hular da take ɗinkawa ta bi shi da kallo har ya ɓace, sannan ta tambayi duk wanda ke kusa ko mutanen da ke ciki suna jin sanyi. Akwai wani shiri a rediyo da likita yake amsa tambayoyin masu sauraro. Idan an fara shi, ko baƙuwa ce ta yi sallama sai ta zauna ta jira a gama.

Saboda ita na karanta kimiyya, kuma ita ce sanadin da na zama malamar kimiyya a ƙaramar sakandare a cikin birni. Bayan na yi aure na koma Tukur-Tukur, sai ya zama kullum in an tashi daga makaranta nakan biya ta wurinta kafin in wuce gida. Tun daga zaure zan jiyo muryarta: "Malama, shigo, na tara miki su." Sai in zauna a bakin tabarma ta fara jero min. Me ya sa jikan maƙwabciya ya ɗauko hancin kakansa ya tsallake na ubansa? Ina muryar mutum take tsayawa kafin ta iso waya? Wasu na sani, wasu in ce sai na duba, kuma ba ta mantawa, washegari sai ta tuna min.

Gwaggo tana da zane a fuska. Layuka ne dogaye a kowane kumatu, daga gefen baki har kusa da kunne, wanzami ya yi mata su tana jaririya. Mahaifina ma yana da su, amma ya rasu, kuma mu da muka biyo baya ba a yi mana ba. Ita kaɗai ta rage da zanen gidanmu. Abin da muka tashi muna ji shi ne kakan kakanmu malami ne, ya taso daga Barno da littattafansa a kan takarkari, ya zo ya zauna a cikin ganuwa yana karantarwa. Amma akwai wani reshe na danginmu da suke cewa ba haka ba ne, daga wani ƙauye nan kusa muka shigo, labarin Barno kwalliya ce aka yi wa asali daga baya. Wannan magana ta daɗe tana cin Gwaggo. Takan shafa kumatunta ta ce, "Ni ba don fariya ba. Ko daga ina ne, mutane ne suka haife mu. So nake kawai in sani."

Katanga ɗaya ta raba mu da gidan wani Alhaji mai sayar da yadi. Babban ɗansa a hannun Gwaggo aka yanke masa cibiya, ita ta tsaya wa uwarsa a wankan jego. Ya girma ya shiga jami'a a Kongo, nan Zariya, ya kuma kamu da yin gajerun bidiyo yana sakawa a dandalin da samari da 'yan mata suke kallo a waya. Da farko barkwanci yake yi da abokansa, ba wanda ya damu. Daga baya ya samo wata manhaja da aka ce tana duban fuskar mutum ta faɗi asalinsa, ya shiga yawo da ita a kasuwa yana haska 'yan acaɓa da masu shayi, ya sa wa shirin nasa suna wai gano asalinka da kimiyya.

Ranar da ya shiga wurin Gwaggo ina makaranta. Ban san komai ba sai bayan kwana biyu, ina tsakiyar darasi a kan numfashi, na lura 'yan bayan aji suna ta ƙunshe dariya. Na tsayar da wata yarinya na ce ta faɗa min abin da ke ba su dariya. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, wai da gaske kakarki 'yar China ce?" Ajin ya fashe. Ban gane ba. Da aka fita hutun tara na shiga ɗakin malamai, wani malamin lissafi ya miƙo min wayarsa yana murmushi, ya ce, "Malama, ashe da manyan baƙi muke aiki ba mu sani ba."

Gwaggo ce zaune a kan tabarmarta, a inuwar bishiyar lemon tsakar gida. Yaron ya matso da waya daf da fuskarta, rana tana dukanta, ita kuma dama idonta ya yi rauni saboda shekarun ɗinkin hula, sai ta ƙanƙance idanu tana ƙoƙarin ganin abin da ke allon wayar. Wani haske ya yi ta zagaya fuskarta. Sannan rubutu ya fito, yaron ya karanta da ƙarfi, wai kimiyya ta tabbatar asalin Hajiya daga China ne. Gwaggo ta buɗe baki, ta dafe ƙirji, ta ce, "Mu? To ta ina suka biyo?" A nan ya tsayar da hoton, ya ƙara girman bakinta a buɗe da giɓinta, ya sa wani kiɗa irin na finafinan kokawa, ya ɗora dariyar gwangwani. Ya maimaita "To ta ina suka biyo?" har ya zama kamar waƙa. Shi ke nan bidiyon. Bai kai lokacin da mutum zai ɗaura ɗankwali ba.

Na gangara ƙasa na karanta abin da mutane suka rubuta. Da ma ban karanta ba. Wani ya ce kyanwa ce ta yi mata kwalliya. Wani ya ce layukan fuskarta irin waɗanda ake bugawa a jikin kwalin kayan kanti ne, a haska a ga farashi. Wani kuma, da alama shi a ganinsa ilimi yake bayarwa, ya yi dogon rubutu cewa duk mai irin wannan zane jikan bayi ne, an yi musu ne don kada su gudu. Mutane da yawa suka yi masa godiya da ƙarin haske. Ba wanda ya tambaye shi inda ya samo.

Na miƙa wa malamin wayarsa. Ana tashi na hau Keke zuwa Kwarbai.

Abin da na tarar ya fi bidiyon ciwo. Gwaggo ba ta san komai ba. Murna take. Tun kafin in cire takalmi ta ce, "Malama, ina kika shiga jiya? Zauna ki ji. Ashe ba Barno ba ce farko. Yaron nan na gidan Alhaji ya zo da na'ura, ta ce daga Sin muke." Ta gyara zama. "Na kwana ina tunani. Ko a hanyar Makka suka haɗu da mutanen Barno suka biyo su? Don ai da ƙafa ake zuwa a da. Ko kuwa fatauci ne ya kawo su? Kuma in haka ne, me ya mai da mu baƙaƙe, rana ce ko auratayya? Ke da kika karanta."

Na zauna ina kallonta. Mace mai shekarun da ta haifi uban yaron nan, ta kwana tana auna hanyar Sin zuwa Zariya da zuciya ɗaya.

Na ce, "Gwaggo, na'urar nan ba ta san komai ba. Wasa ce."

Ta ce, "A'a, ya ce kimiyya ce. Irin taku."

Na ce, "Ba irin tamu ba ce. Fuska ba ta isa ta faɗi asalin mutum ba. Kin ƙanƙance ido ne saboda rana, shi ya sa ta faɗi haka."

Na yi ta juya maganar a raina, in nuna mata ko in bari. Amma yara sun riga sun sani, gobe ko jibi za ta ji a bakin wani. Na ciro wayata na nemo bidiyon, na riƙe mata nesa kaɗan yadda take iya gani. Ta kalla har ƙarshe. Ya sake farawa da kansa, ta sake kallo. Ta ce, "Ina sauran?"

Na ce wane saura.

Ta ce, "Ai ya daɗe a nan. Na ba shi labarin kakanmu da takarkarinsa, na nuna masa inda makarantar allon take kafin a yi ɗakin can. Na faɗa masa sunan wanzamin da ya yi mana zane ni da babanki. Duk yana riƙe da wayar. Har fura na dama masa." Ta sake duban allon. "Su waye suke dariyar? Mu biyu ne fa a gidan."

Ban tsaya yi mata bayanin dariyar gwangwani ba. Na tashi na fita.

Na same shi a ƙofar gidansu zaune a kan babur da abokansa. Yana ganina ya sauko da fara'arsa, ya ce, "Anti, kin ga Hajiya ta yi tashe? Wallahi ban taɓa samun wanda ya tafi kamar wannan ba."

Na ce, "Ka gaya mata duniya za ka nuna wa?"

Ya ce, "Ai ta ga ina ɗauka."

"Ka gaya mata za ka yanke maganarta ka sa mata dariya?"

Ya sosa ƙeya. "Anti, kontent ne kawai, abin jan masu kallo. Haka ake yi. In ka sa dogon labari ba mai kallo. Kuma ba ni na ce daga China take ba, manhajar ce ta faɗa. Kimiyya ce."

Wannan kalma a bakinsa ita ta ƙarasa tunzura ni. Shekara da shekaru ina tsaye gaban allo ina koya wa yara cewa kimiyya ita ce ka gwada, ka sake gwadawa, ka yarda a ƙaryata ka. Na ce ya haska ni. Ya haska, manhajar ta ce ni 'yar Habasha ce. Na ja hijabina ya rufe goshi na ce ya sake. Ta ce Indiya. Na ɗauki wani yagaggen kwali a bakin kwata, na karɓi gawayi wurin mai gasa masara da ke gefe, na zana da'ira da ido biyu da baki, na ce ya haska. Hasken ya zagaya kwalin kamar yadda ya zagaya fuskar Gwaggo, manhajar ta ce Baturiya ce.

Abokansa suka kwashe da dariya. Na ɗauka kunya za ta kama shi. Sai na ga idonsa ya yi haske, ya ce, "Kai! Anti, wannan ma kontent ne. Don Allah sake riƙe kwalin in ɗauka."

Na jefar da kwalin na ce ya goge bidiyon Gwaggo. Ya ce to, zai duba. Bai goge ba.

Kafin mako ya zagayo wani ya yanko fuskar Gwaggo daga bidiyon, daidai inda ta buɗe baki, ya mai da ita sitika, irin ɗan hoton da ake turawa a hira maimakon magana. A ƙasa an rubuta "To ta ina suka biyo?" Duk abin mamaki da ya faru, ita ake turawa. An ƙara kuɗin mai, fuskar Gwaggo. Ƙungiyar ƙwallo ta sha kashi, fuskar Gwaggo. A guruf ɗin malaman makarantarmu, inda ake sanar da taro da jadawalin jarrabawa, wata malama da muke cin abinci tare ta tura ta. Na rubuta cewa wannan gwaggona ce, ita ta raine ni, ina roƙon a daina. Wasu suka ba da haƙuri. Malamin lissafin nan ya same ni ya ce, "Malama, kin cika ɗaukar abu da zafi. Ai so ne. Mutane suna son ta." Na tambaye shi ko zai so a so mahaifiyarsa haka. Ya ce ai shi mahaifiyarsa ba ta yarda a ɗauke ta hoto. Wato laifin na Gwaggo ne.

Yaran unguwa suka fara tsayawa a bakin zaure suna rera maganar suna gudu. In ta aiki yaro sayen goro, mai goron ya ce a gaida Hajiya 'yar China. Ita dai ta ci gaba da harkarta. Rediyonta tana kunnawa, hularta tana taɓawa in ido ya yarda. Amma in na shigo babu "na tara miki su". Sai ta tambaye ni yara da maigida, ta ce in ɗebi tuwo.

Ana cikin haka aka yi bikin 'yar ƙanwar mijina a Tukur-Tukur. Gwaggo ba ta rasa bikin dangi, ta ci ado da atamfarta mai ruwan ganye, na je na ɗauko ta. Mun shiga ke nan, ko zama ba ta yi ba, wata budurwa cikin ƙawayen amarya ta ƙwala ihu: "Wayyo, ita ce! Wallahi ita ce!" Kafin in ankara sun kewaye ta, kowa ta ɗaga waya tana manna kumatunta da na Gwaggo. Wata ta ce, "Kaka, don Allah ki faɗa mana, ki ce to ta ina suka biyo." Wata ta ce, "Buɗe bakin kamar na sitikar." Ba mugaye ba ne, na sani. 'Ya'yan mutane ne, da sun gan ta a hanya a da, durƙusawa za su yi su gaishe ta. Amma a ranar ba su ga tsohuwa ba. Gwaggo ta ja gefen mayafinta ta rufe kumatu, ta ce min a hankali, "Malama, mai da ni gida." Ko ɗakin amarya ba ta leƙa ba.

Washegari na ce wa maigidana zan je wurin Alhaji. Ya ce in bi a hankali, maƙwabta ne tun kakanni, kada a ce mace ta je ta ɗaga wa dattijo murya. Na ce ba zan ɗaga ba. Na sami Alhaji a zaurensa bayan la'asar, na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa komai. Ya saurara yana jan carbi. Ya ce, "Malama, yaran yanzu sai addu'a. Ni wannan abin nasu ban gane masa ba. Amma Hajiya uwa ce a wurinmu. Zan sa ya zo ya ba ta haƙuri." Na ce, "Alhaji, haƙurin yana da kyau, amma gogewa nake so ya yi." Ya ce duk za a yi.

Ya zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, da farar shadda da hula, shi da wani abokinsa. Ina nan. Ya durƙusa gaban Gwaggo har gwiwarsa tana taɓa ƙasa, ya ce, "Hajiya, na yi kuskure. Ke kika yanke min cibiya. Ki yafe min don Allah." Muryarsa har rawa take. Abokin yana tsaye daga gefe, hannuwa a naɗe, kai a sunkuye. Gwaggo ta dube shi ta ce, "Tashi, ɗan nan. Na yafe maka duniya da lahira. Amma ka riƙa tambayar mutum kafin ka kai shi kasuwa." Ta sa masa albarka, ta ce ya gaida uwarsa. Ni kaina na ɗan ji sanyi. Na ce a raina, to, yaro ya gane.

Ranar Lahadi ɗiyata ta kawo min waya ta ce, "Mama, kalli." Ga shi durƙushe da farar shaddarsa. Ga Gwaggo tana cewa ta yafe. Wayar abokin tana cikin aljihun gaban rigarsa, idonta a waje, shi ya sa ya tsaya a gefe da hannuwa a naɗe. An sa wani kiɗa mai sa kuka. A farkon bidiyon, don waɗanda ba su ga na baya ba, ya sake saka Gwaggo da bakinta a buɗe. Maganarta ta a riƙa tambayar mutum kuwa, ya yanke ta. Mutane suka yi ta sa masa albarka, wai yaro mai tarbiyya, wai irinsa ake nema a wannan zamani. Wannan ya fi na farkon tafiya.

Ban san lokacin da na sa hijabi ba. Wannan karon ban je wurin Alhaji ba, gidan mai unguwa na nufa, maigidana ya biyo ni don ya ga ba zan tsaya ba. Mai unguwa ya sa aka kira yaron da ubansa. Na nuna bidiyon biyu. Alhaji ya kalli na biyun, ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa. Yaron ya ce shi niyyarsa ya nuna wa matasa muhimmancin neman gafarar manya. Mai unguwa ya ce masa, "Ita ka nemi gafararta ko su?" Aka sa ya goge duka biyun a gabanmu. Yana gogewa yana cewa, "Ni na goge nawa, amma wallahi mutane sun riga sun sauke. Ba yadda zan yi." A duk abin da ya faɗa tun farkon lamarin, wannan kaɗai ce gaskiya.

Ban gaya wa Gwaggo zancen bidiyo na biyu ba, amma ta ji. A cikin birni ba abin da ba a ji. Da na shigo ta ce, "Ashe da na ce na yafe, har da su nake gaya wa." Na ce haka ne. Ta ce, "To ba komai, ban janye ba." Sannan ta ce in na karɓi albashi in sayo mata niƙabi. Gwaggo da ta shekara saba'in da wani abu tana yawo cikin Zariya da fuskarta a buɗe, in an tambaye ta 'yar wane gida ce sai ta juya kumatu ta ce a karanta. Na sayo. Da shi take zuwa asibiti da gaisuwar mutuwa. Biki kuwa ta daina.

Na yi ƙoƙarin dawo da ita kan maganar asali, don na san tambayar tana nan ba ta mutu ba. Wata rana da yamma muna tsince shinkafa na ce mata akwai hanya ta gaske. Na yi mata bayanin ƙwayoyin halitta da ake gado daga uwa da uba, waɗanda suke cikin jini da gashi da yawu. Na ce ana tofa yawu a 'yar kwalba a aika ƙasar waje, a gwada shi da na mutanen wurare daban-daban, a ce ya fi kama da na mutanen kaza. Na gaya mata ko shi ba zai ce ga garin ba, ba zai ce ga takarkarin ba, kusanci kawai zai nuna, kuma yana iya kuskure. Na ga ta tsayar da hannu a cikin faranti. Idonta ya yi irin yadda yake yi a da. Ta ce, "A yawu? Duk kakannin mutum a yawu?" Na ce wani abu nasu dai. Na ce in tana so zan nemi yadda ake yi.

Ta ci gaba da juya shinkafar. Can ta ce, "A'a, Malama. Bar shi. Fuska ta tafi, kada yawun ma ya bi ta."

Yaron yanzu ya gama karatu, ya zama mai gabatarwa a wurin bukukuwa, ana kiransa har Kaduna. In mun haɗu a lungu yakan rage tafiya ya ce, "Anti, ina wuni." Ina amsawa, don gaisuwa ce. Gwaggo ta ce tunda ita mai abin ta yafe, ni me nawa. Na ce na ji. Ban ce na yafe ba.

Kwanan baya wata ƙawata da muka yi kwaleji tare, tana aure a Abuja, muna hira a waya na gaya mata farashin buhun masara a nan. Sai ga fuskar Gwaggo ta faɗo min, baki a buɗe, hannu a ƙirji. Na rubuta mata cewa wannan gwaggona ce, yayar babana, tana nan da ranta a Kwarbai. Ta yi ta ba ni haƙuri, ta rantse ba ta sani ba, ta ce ita ta ɗauka ma ba mutum ba ce ta gaske, irin waɗanda kwamfuta ke ƙirƙira ne. Na ce ba komai. Jim kaɗan ta sake rubutowa: "Amma don Allah ki gaishe min da ita. Wallahi tana ba ni dariya."

Ban isar da gaisuwar ba.